A Riƙa Tambayar Majinyaci Game da Barasa a Sashen Gaggawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana a kan abin da muke kau da kai daga gare shi a Sakkwato. Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar nan a shekarar 2000, sayar da barasa a fili ya ragu, amma masu sha sun koma ɓoye ne. Na yi shekaru ina aikin jinya, na sha ganin an kawo matashi cikin dare ya faɗi daga kabu-kabu, 'yan uwansa suna rantsuwa bai taɓa kurɓar komai ba, alhali warin yana fita daga bakinsa.

Wannan ɓoyewa tana halaka mutane. Barasa takan saukar da sukarin jini, musamman ga wanda cikinsa babu abinci, kuma maye yakan rufe alamun buguwar kai, sai a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake, jini kuwa yana taruwa a ƙoƙon kansa.

Irin wannan matashi ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa, daren haɗarin ne kawai yake haɗuwa da likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tambayoyi 10 na gano yadda mutum yake shan barasa, waɗanda ake kira AUDIT, akwai kuma gajerensu guda 3, ba sa buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Idan an ɗinke rauni kuma hankalinsa ya dawo, sai a ja labule, a sallami dangi, a tambaye shi sau nawa yake sha da kuma yawan abin da yake sha, a nuna masa alaƙar shan da raunin da ke jikinsa. Wa'azi yana da malamansa, nas kuwa aikinta ta saurara ba tare da tsangwama ba. Wanda hannunsa ke rawa yana gumi idan bai sha ba, a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, domin daina sha farat ɗaya yana iya jawo masa farfaɗiya.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su mayar da tambayoyin nan cikin Hausa, su horar da ma'aikatan dare, sannan a tabbatar wa majinyaci cewa amsarsa ba za ta kai kunnen dangi ko hukuma ba.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Sakkwato