Gonarka ta Bakin Fadama

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zangon Kumasi. Nan gida sai godiya, damina ta zauna, gero ya kai gwiwa.

Maganar gonarka ta bakin fadama ce ta hana ni sukuni. Shekara 11 ke nan tana hannun maƙwabcinku da sunan aro, babu rubutu, kuma cikin dattawa ukun da suka shaida, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Shi mutumin kirki ne, ban zarge shi da komai ba. 'Ya'yansa nake ji, waɗanda suka buɗe ido suka ga ubansu yana noma wurin. Bana har sun dasa mangwaro a kan iyaka. Kai ma ka sani, mai aro gero da wake yake shukawa, ba ya dasa itace, don itace shaidar mai wuri ce.

Ka tuna abin da ya same mu bayan rasuwar Baffa. Da aka zo rabon gandu, sai ga wani ya ce gonar tudu sayar masa aka yi, alhali jingina ce. Damina biyu muna zarya kotu, gona kuwa ta zama saura, zumunci ya yi tsami har yau.

Ga kuma doka. Tun 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba manomi takardar riƙe gona. Abin da ya fi damuna shi ne, in gwamnati ta karɓi fili don hanya ko makaranta, diyyar amfanin gona da itatuwa da gini take biya, ba ta ƙasar ba. To ranar da masu awo suka zo, wa za a ce shi ne mai mangwaron?

Don Allah ka zo da Babbar Sallah, ko ka wakilta ƙaninka. A zauna gaban dagaci tun shaida na ukun yana da rai, a rubuta, kowa ya sa hannu. In son samu ne a mai da aron haya, ko da dami biyu ne a shekara, sannan a nemi takardar ƙaramar hukuma.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka kira ba.

Naka amini har kullum.