Kowa ya riƙe abin yanke farcensa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili, abin nan na damuna wallahi. Masu yankan farce a bakin titi almakashi ɗaya suke yi wa kowa da shi, sai a ɗan goge da tsumma, alhali ciwon hanta nau'in B ta jini yake yaɗuwa kuma ƙwayar tana iya kwana 7 a jikin ƙarfe ba ta mutu ba. Ni dai nawa yana maƙale da makullina kullum. In za ka saya duba bakin ya haɗu daidai, kar ƙyalli ya ruɗe ka. Kar ka bar shi a banɗaki zai yi tsatsa, goge shi da sifirit, ka ɗiga masa man keken ɗinki.

Mai karatunku daga Zariya