Sanarwa ga masu saro kaya da sefa

Assalamu alaikum, ƴan'uwa masu shiga Maraɗi da Ƙonni sarin kaya.

Sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta kasuwa ke yanka mata farashi. Don haka kafin ku je wurin ɗan canji ku duba farashin yuro a naira, ku raba da 656, ku ninka da 1,000, kun sami kimar jaka ɗaya, wato sefa 1,000.

Inda ake yawan karyewa shi ne bashi. A ce ka saro kaya jaka tana ₦2,500, ka bayar bashin wata biyu da naira, ranar biya ta koma ₦2,700. Naira 200 ta zube a kowace jaka, alhali a littafi riba ce ke rubuce. Ku yanka farashi da kuɗin da za ku sake saro kayan, ba wanda kuka saro jiya ba.

Sababbin shiga, ku kula: a Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5, dala 200 jaka guda. Kuma takardar sefar Chadi da Kamaru daban take da ta Nijar, sai an canza, ɗan canji kuma zai ciri nasa.