A Riƙa Gwada Bututun Ƙazanta Kafin a Binne Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin masu gina gidaje, da 'yan kwangila, da 'yan'uwana masu aikin famfo, a kan wani ɗan ƙaramin kayan aiki da bai fi cikin tafin hannu ba, wanda rashin amfani da shi yake jawo wa jama'a asarar dukiya da ta lafiya ba tare da sun gane inda matsalar ta samo asali ba. Abin da nake nufi shi ne matoshin gwaji, wato marufin roba mai kumbura da ake cusawa a cikin bututun da ke kwashe ruwan wanka da na bayan gida, a ɗaure shi har ya kama bangon bututun ta ko'ina, sannan a cika bututun da ruwa a ga ko yana yoyo kafin a rufe shi da ƙasa ko da kankare. Na haura shekara 30 ina wannan sana'a a Kano, kuma gidajen da na ga an yi musu wannan gwaji ba tare da ni na matsa ba, da yatsun hannuna zan iya ƙirga su.

Dalilin da ya sa ake sakaci da shi ba ɓoyayye ba ne. Bututun da ke kawo ruwa daga tanki yana tona asirin kansa tun ranar farko, domin ruwan da ke cikinsa yana da ƙarfi, da zarar an buɗe famfo duk inda aka yi kuskure sai ya fara feshi, mai gida ya kira mai aikin tun kafin ya biya shi cikon kuɗinsa. Bututun ƙazanta ba haka yake ba, saboda ruwa wucewa kawai yake yi ta cikinsa, kuma galibi ko rabinsa ba ya cikawa. Abin da aka saba yi idan an gama aiki shi ne a sa yaro ya zuba bokiti ɗaya a masai, wani ya tsaya a bakin cemba, wato ɗan ramin dubawa da bututun ke zubawa a ciki kafin sokawe, ya ga ruwan ya fito, sai a ce aiki ya yi kyau. Alhali wannan bai nuna komai ba illa cewa hanyar a buɗe take. Bututun da ya tsage ta sama, ko mahaɗar da gam bai zagaye ta ba, duk za su ci wannan jarrabawa, su ci gaba da ɗiga a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru.

A bara an kira ni wani gidan haya mai hawa ɗaya wanda bai cika shekara 3 da tarewa ba. Bangon falon ƙasa, wanda ya yi maƙwabtaka da banɗaki, ya jiƙe har kusan gwiwar mutum, fenti yana ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa ya feso a kan fulastar, ga kuma wari da ke tasowa da asuba. Mai gidan ya sake fenti sau biyu, ya yi rigima da maƙwabcinsa a kan kwatar da ke tsakaninsu, har ya sa an kwashe sokawe wadda ko rabi ba ta yi ba. Da muka toshe bututun a bakin cemba muka cika shi da ruwa ta ramin masai, kafin minti 5 ruwan ya yi ƙasa da kusan taƙi guda. Muka fasa tayil, muka sare kankare, sai ga gwiwar bututun da ke ƙarƙashin masai ba ta shiga cikin 'yar'uwarta ba sai kamar faɗin yatsa ɗaya, gam ɗin ma gefe guda kawai aka shafa, ƙasar da ke wurin kuwa ta zama baƙin taɓo. Gyaran mahaɗar bai ɗauke mu awa ɗaya ba, amma sai da 'yan haya suka yi kusan mako biyu suna aron banɗaki, kuma ba a sami irin tayil ɗin a kasuwa ba, dole aka sauya na ɗakin gaba ɗaya. Wanda ya yi aikin na farko ban san shi ba, kuma ba na ganin mugunta ce ta sa shi, domin ni kaina na taɓa manta mahaɗa ban sa mata gam ba. Bambancin kawai shi ne gwaji ya nuna mini tun ramin yana buɗe.

Matoshin nan iri biyu ne da aka fi amfani da su. Na farko faifai biyu ne na ƙarfe ko na roba mai tauri, da zoben roba mai kauri a tsakaninsu, da noti mai kunnuwa biyu da ake murɗawa da hannu. Yayin da ake murɗa notin faifan suna matse zoben, shi kuma yana bajewa ta gefe har ya liƙe a jikin bututun. Da yawa daga cikinsu suna da 'yar ƙofa a tsakiya mai murfi, wadda ta nan ake jona tiyo, kuma ta nan ake sakin ruwa a hankali idan an gama. Na biyu kamar balan-balan ne mai ƙwari, ana tura shi cikin bututu a hura masa iska da famfon keke, kuma ya fi dacewa da wurin da hannu ba ya kaiwa ko bututun da bakinsa bai yi daidai ba. Kowanne yana da girmansa, akwai na inci 2 na bututun ruwan wanka da na wanke-wanke, akwai na inci 4 na masai, akwai na inci 6 na babban layi. Mai aikin da ya mallaki na inci 2 guda huɗu da na inci 4 guda uku zai iya gwada yawancin gidajen da muke ginawa, kuma idan ya kiyaye su daga rana da man inji, waɗanda su ne ke kashe roba, za su yi masa shekaru.

Gwajin kansa ba ya buƙatar injiniya. Ana barin gam ya kwana ya kama sosai, a goge cikin bakin bututun daga yashi da ɓurɓushin siminti, a sa matoshi a can ƙarshen da ya fi gangara, wato inda bututun ya shiga cemba, a toshe sauran ƙofofin duka ban da guda ɗaya a sama. A wannan guda ɗayan ake jona guntun bututu a tsaye, a riƙa zuba ruwa sannu a hankali domin iskar da ke ciki ta sami hanyar fita, har ya cika, sannan a yi alama a inda ruwan ya tsaya. Ƙa'idar da mafi yawan jihohin Amurka ke bi ta ce tsayin ruwan ya kai ƙafa 10, wato kimanin mita 3, a bar shi aƙalla minti 15 ba tare da ya sauka ba. A cikin wannan lokaci ne mai aiki zai bi layin daga farko zuwa ƙarshe yana shafa ƙarƙashin kowace mahaɗa da busasshen hannu, domin ɗigon da ido bai gani ba tafin hannu yana jin sa. A Ingila an fi yin gwajin da iska maras ƙarfi, inda ake auna ta da lanƙwasasshen tiyo mai ruwa a ciki, kusan irin tiyon lebul na maginanmu: a hura har ruwan ya tashi milimita 100, kuma kada ya sauka fiye da milimita 25 a cikin 'yan mintocin gwajin. Ni dai a nan na fi son ruwa, domin zafin ranarmu yana dumama iskar da ke cikin bututu ya ɓata awon, sannan ruwa yana nuna ainihin inda ɓarakar take, iska kuwa sai dai ta gaya maka akwai ta.

Yana da kyau a yi gwajin sau biyu, kafin a mayar da ƙasa da kuma bayan an mayar, saboda yawancin tsagewar da nake gani a lokacin cike rami take faruwa, idan lebura ya antayo guntayen bulo da duwatsu a kan bututu mai sirantaccen jiki, ko aka bi ta kansa da baro cike da yashi. Haka nan al'adar nan ta gasa bakin bututu da wutar takarda domin a faɗaɗa shi a cusa wani, maimakon a sayi mahaɗa, ita ma ba ta cika tsallake gwaji ba, kuma na ga masu aiki da dama sun bar ta da kansu ranar da suka ga ruwa yana tsattsafowa a gaban idonsu, abin da faɗa da nasiha suka kasa yi.

Wajibi ne kuma in yi gargaɗi, domin wannan kayan aiki yana da haɗarinsa. Ruwa mai tsayin mita 3 yana tura matoshin inci 4 da nauyin da ya kusa kilo 25, na inci 6 kuwa fiye da kilo 50, idan aka kai bututun inci 12 na manyan ma'aikatu abin ya haura kilo 200. Saboda haka ba a tsayawa a gaban matoshi ko a leƙa shi da fuska yayin da bututu ke cike, ba a kwance shi sai an fara sakin ruwan ta 'yar ƙofar nan, kuma ana ɗaure shi da igiya don kada ruwa ya tafi da shi cikin layi. Matoshi mai iska ba a hura shi fiye da adadin da aka rubuta a jikinsa. Kada kuma wani ya ji an ambaci iska ya ɗauko injin masu faci ya jona wa bututun roba, domin roba idan ta fashe da iska mai ƙarfi tarwatsewa take yi kamar kwalba, shi ya sa ƙa'idar Amurka da na ambata ta hana gwada bututun roba da iska. Idan kuwa tsohon gida ne da ake amfani da shi, kada kowa ya shiga cemba mai zurfi ko sokawe don sa matoshi, saboda iskar da ke taruwa a ciki tana kayar da ƙato cikin daƙiƙu, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Na san abin da abokan sana'ata za su ce, domin na sha jin sa: ruwa tsada yake yi, mai gida yana gaggawa, mai tayil yana jira, kuma ai da tsumma ko takardar buhun siminti ma ana toshewa. Maganar ruwa ba ta da ƙarfi, domin mita ɗaya ta bututun inci 4 kimanin lita 8 take ci, ke nan layi mai mita 12 bai wuce jarka 4 ta 'yan ga-ruwa ba, kuma ana iya tare ruwan a jiƙa bulo da shi. Takardar siminti kuwa ba ta riƙe ruwa mai nauyi, sannan ita ce ake mantawa a ciki, ta haɗu da ruwan kankare ta daskare, sai ranar da amarya ta tare a ga masai yana dawo da abin da aka zuba masa. Wannan ma wani amfani ne na matoshin: idan aka bar shi a bakin kowane bututu har a gama fulasta da tayil, babu siminti ko guntun katako da zai faɗa ciki, in dai an ƙirga adadin da aka sa an kuma ƙirga adadin da aka cire. Game da gaggawa, Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma yini ɗaya da mai tayil zai jira ya fi sauƙi a kan a dawo a farfasa aikinsa.

Abin da ya fi damuna ma ba bango ba ne. A unguwanninmu fili ƙafa 50 ne ko ƙasa da haka, kuma a cikinsa ake haƙa sokawe da rijiya ko burtsatse, alhali shawarar da masana tsaftar muhalli suka fi bayarwa ita ce a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da wurin ɗiban ruwan sha. Wannan tazara ba ta samuwa ga talaka, to idan bututun da ya bi ta gefen rijiya shi ma yana yoyo, an ƙara kusanto da ƙazantar ke nan zuwa bakin randa. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka sami sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauci da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ba na cewa bututun gidaje ne kaɗai sanadi, amma duk wata hanya da bayan gida ke bi ya sadu da ruwan sha ta cancanci a toshe ta, wannan kuwa tana cikin waɗanda ba su da wuyar toshewa.

Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, kuma kowace jiha tana da hukumar da ke amincewa da taswirar gini, ga kuma jami'an duba-gari. Roƙona gare su shi ne su sa wannan gwaji cikin abubuwan da ake dubawa kafin a zuba kankaren daɓe, kamar yadda ake duba rodi kafin a zuba kankaren bene. Kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyar da sana'a su ajiye matoshin a ɗakunan aikinsu, kada yaro ya karɓi takardar shaida bai taɓa murɗa notinsa ba, masu shagunan kayan famfo kuma su riƙa kawo shi, domin yanzu sai ka zagaya shaguna da dama kafin ka dace. Amma mai gida ba sai ya jira hukuma ba: tun ranar ciniki ya shaida wa mai aikin cewa cikon kuɗi sai an cika bututu da ruwa a gabansa, ya zo da kansa ko ya turo wanda ya amince da shi, ya ja layi da alli a jikin bututun da ke tsaye, ya duba agogo, kuma kada ya bari a zuba ko shebur ɗaya na ƙasa sai minti 15 sun cika ruwan yana kan layinsa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani tsohon mai aikin famfo,
Kano.