Godiya ga masu shagon gyaran kwamfuta na Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum. Wallahi na kasa yin shiru, dole in fito in gode muku a bainar jama'a, musamman ƙanina matashin nan da ke zama a teburin ƙarshe kusa da janareta.

Laftof ɗina HP ce ta hannu, da ita nike buga wa ɗalibai furojet ina samun na cefane. Bara ta fara nauyi sai na kai wani wuri aka sa mata SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, aka ƙara ram da ke taimaka mata wajen gudu, aka yi fomatin. Ina zuwa gida sai ga rubutun nan "Activate Windows" a kusurwar ƙasa ta dama, wato Windows ɗin na neman lasisi. Na koma, mutumin ya ce ai tunda an canza kaya lasisi ya mutu, in kawo kuɗi. Na ba shi, rubutun ya ɓace, bayan wata shida ya dawo, na sake biya, ya sake dawowa, kuma kullum sai ya riƙa yi min magana kamar ni na lalata abin, har na fara jin kunyar buɗe ta gaban kwastoma.

Da na shigo wurinku yaron nan bai fara da maganar kuɗi ba. Ya jawo min kujera ya ce Yaya zauna ka gani da idonka. Ashe kirak, wato lasisin bogi, aka yi ta sa min, irin wanda ke ƙarewa bayan kwana 180. Ya nuna min cewa tun daga Windows 8 kamfanoni ke dasa lambar lasisi a cikin modabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, kuma tawa ta nau'in Windows Home ce, wancan mutumin kuma Windows Pro ya ɗora min, shi ya sa suka ƙi haɗuwa. Ya ce canza SSD ko ram ba ya kashe lasisi, modabod ne Microsoft ke ganewa, in shi aka canza to nan ne ake samun matsala. Ya kwashe fayilolina a filas, ya ɗora Windows 10 Home, ya jona intanet da wayarshi, ko minti biyu ba a yi ba lasisin ya kama da kanshi. Kuɗin aiki kawai na biya. Har akawun na Microsoft ya haɗa min da lasisin, ya kuma gaya min gaskiya cewa an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tawa ba ta da TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro da Windows 11 ke nema, in fara tanadi a hankali.

Abin da ke min ciwo, mutum nawa ne a garin nan ake sayar musu da lasisin da ke cikin kwamfutarsu tun asali? Malaman makaranta, 'yan bautar ƙasa, mata masu shagon buga takardu, ana karɓar kuɗinsu duk wata shida ba wanda ke musu bayani.

Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa yaron nan albarka. Ran Asabar zan kawo ta maƙwabcina, ita ma rubutun ya fito mata.