A Ja Kunnen Matasa Kan Zaƙami

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan zaƙami, wanda ke fitowa da damina a juji da bayan gidaje nan Tawa. Ɗan uwan gauta da tumatir ne, furensa kamar kakaki, ƴaƴansa kuma duk ƙaya.

Iyayenmu sun san amfaninsa. Masu ciwon fuka kan shaƙi hayaƙin busasshen ganyen don ƙirji ya buɗe, wasu kuma su ɗumama ganyen su ɗora kan kumburi. Amma ba banza aka ce masa haukata-yaro ba. Sinadaran atirofin da sukofolamin da ke cikinsa suna busar da baki, su dushe gani, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum ya yi ta sambatu, wani ma har ya rasa ransa. Ƙarfinsa ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, don haka awon jiya ba ya zama awon yau.

Abin da ke ci mini rai shi ne samarin da ke jiƙa ƙwayoyinsa su sha wai don nishaɗi. Ina kira ga masu maganin gargajiya su daina sayar wa yara, malamai kuma su yi maganar a makarantu da masallatai. Wanda ya sha, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya ɗura masa nono.

Naka,
Mai karatu daga Tawa