Tambarin da ke bayan waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Sana'ata gyaran waya ce a Kano, kuma kullum ina ganin tambarin CE ko FCC a jikin wayoyi da na'urorin Wi-Fi, masu su kuwa sun ɗauka ado ne. CE alama ce ta cika ƙa'idojin Tarayyar Turai, FCC kuwa hukumar sadarwar Amurka ce. Ba a sayar da waya a can sai an kai ta ɗakin gwaji an ba ta lamba. Har yawan ƙarfin igiyar rediyo da jikin mutum ke sha ana aunawa: kada ya wuce wat 1.6 a kowane kilo a Amurka, wat 2 a Tarayyar Turai, inda CE ke aiki.

Sai dai buga tambari ba wuya, ko mai buga katin biki zai iya. Lambar FCC kuwa ana iya duba ta a shafin hukumar.

A nan gida, dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, amincewa da irin na'urar kafin a sayar. Roƙona, hukumar ta riƙa yin bayanin wannan da Hausa a rediyo, domin yawancin masu zuwa shagona ba su taɓa jin labarinsa ba.

Naka,
Wani mai gyaran waya, Kano